Tambaya da Amsa: Tsatsa a Akwatin Bindiga

Tambaya: Malam, ina da bindigar farauta mai lasisi, ina ajiye ta a akwatin ƙarfe tare da harsashi da albarushi. Duk damina sai na tarar da tsatsa a bakinta. Ina mafita?

Amsa: Malam, danshi ne ya maƙale a ciki. Sayi na'urar auna danshi ka saka a akwatin, ka riƙe danshin tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100. Ka ajiye ƙullin silika jel (ƙwayoyi masu tsotse danshi), irin mai canza launi, a kusurwa; idan launinsa ya canza, ya ƙoshi da ruwa ke nan, sai ka gasa shi a zafin digiri 120 na ma'aunin Celsius kamar awa 2 zuwa 3. Ɗaga akwatin a kan katako, ka janye shi daga bango, domin siminti yana tsatso lema. Cire bindigar daga jakar fata, ka shafa mata mai kaɗan. Kada man ya taɓa gindin harsashi, yana iya kashe shi.

Albarushin nan kuwa, don Allah fitar da shi yau. Rufaffen ƙarfe yana tara ƙarfin fashewa idan gobara ta tashi. Bar shi a gwangwaninsa na asali, cikin akwatin katako mai kwaɗo, nesa da murhu da yara.