Dalilin da ya sa ban sakar maka bakin majinyaci ba tukuna

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa har yanzu nake zaunar da kai gaban haƙoran da aka cire aka kafa su a cikin filasta, kana ta kankare su safe da yamma, alhali a ganinka idonka ya riga ya san dauɗar haƙori, hannunka kuma yana da ƙarfin ɓamɓare ta. Amsar ita ce, dauɗar da take zubar wa mutum da haƙora tana ɓoye ne a ƙarƙashin dasashi, inda ido ba ya kaiwa, kuma wanda ya shiga wurin da ƙarfi ɓarna zai yi. Abin da nake jira ya nuna a gare ka shi ne jin da ke kan yatsu. Wannan horo kuwa ba ni na ƙago shi ba, domin likitan haƙorin nan Alfred Fones, wanda ya buɗe makarantar farko ta masu tsabtace haƙora a garin Bridgeport na Amurka a 1913, a kan cirarrun haƙora ya fara koya wa mataimakiyarsa Irene Newman kafin ta taɓa bakin kowa.

Ka fara gyara riƙonka. Ana riƙe ƙarfen kankarewa da babban yatsa da manuniya, yatsan tsakiya yana tallafe da wuyan ƙarfen, sannan a kafa yatsan zobe a kan wani haƙori mai ƙarfi kusa da wanda ake yi wa aiki. Wannan kafaffen yatsa shi ne madogarar hannu duka, domin idan majinyaci ya yi tari ko ya zabura, hannunka zai tafi tare da muƙamuƙinsa, ƙarfen ba zai zame ya tsaga dasashi ba. Na lura kana ja da yatsu kaɗai, shi ya sa kafin azahar hannunka yake sagewa. Motsin daga wuyan hannu da damtse yake fitowa, kuma kowane ja gajere ne, daga gindin dauɗar zuwa wajen kan haƙori.

Bakin ƙarfen yana shiga ƙarƙashin dasashi a kwance, manne da jikin haƙori, sai ya wuce dauɗar ya sami gindinta, sannan a buɗe shi zuwa kusurwar da ta haura digiri 45 amma ba ta kai 90 ba. Wajen 70 ya fi cizo. Idan ka buɗe fiye da 90, nama za ka yanka. Idan ka rufe da yawa, ko kuma ƙarfen ya dakushe, za ka yi abin da na fi tsoro a hannun ɗalibi, wato ka goge saman dauɗar har ta yi sumul ba tare da ta ɓalle ba. Daga nan ma'auninka, siririn ƙarfen da ake laluba ƙarƙashin dasashi da shi, zai bi ta kanta ya wuce bai ji komai ba, ka sallami mutum kana murna, cutar kuwa tana nan tana cin ƙashin da ke riƙe da haƙorinsa. Saboda haka nake sa ka wasa ƙarafa a kan dutse ka gwada su a jikin sandar roba: mai kaifi yana kamawa nan take, dakusasshe kuwa sulɓewa yake yi.

Shi ma'aunin dasashi, mai zane-zanen milimita, da shi za ka riƙa laluben abin da ba ka gani, kamar yadda makaho yake karanta hanya da sandarsa. Ana tura shi a hankali, da nauyin da bai wuce giram 20 zuwa 25 ba, a wurare 6 kewaye da kowane haƙori. Zurfin milimita 1 zuwa 3 lafiya ne, daga 4 zuwa sama kuwa rami ya fara samuwa tsakanin haƙori da dasashi. Ka sassauta riƙo sosai a lokacin laluben, za ka ji ɗan karkarwa ta taso ta cikin ƙarfen idan ya hau kan dauɗa mai tauri, kuma a ranar da ka iya bambanta wannan karkarwa da ta gefen tsohon cikon haƙori idonka a rufe, a ranar zan ba ka kujera.

Akwai wurare biyu da za ka fara dubawa a kowane baki: bayan haƙoran gaba na ƙasa, ta wajen harshe, da gefen turamen sama ta wajen kumatu. A nan ne hanyoyin miyau suke buɗewa, kuma ma'adinan da ke cikin miyau su ne suke daskarar da dauɗa mai laushi, wadda asuwaki ko buroshi bai kai gare ta ba, har ta zama kamar dutse cikin kwanaki. Kada jan goro da baƙin shayi da rinin fure su ruɗe ka. Mutanenmu na Damagaram galibi don wannan launi suke zuwa, amma shi a sama yake, goga yana fitar da shi. Sau da yawa dattijo mai jan baki dasashinsa garau ne, saurayi mai fararen haƙora kuwa jini yana biyo ma'auni.

Na san idonka yana kan injin nan mai girgiza da feshin ruwa. Yana da sauri, ban musa ba, amma yana bukatar lantarki da ruwa a lokaci guda, kai kuma ka san halin garin nan a watannin zafi. Wanda bai iya da hannu ba, ranar da famfo ya ƙafe sai ya rufe ɗaki.

Kafin ka sa ƙarfe a bakin kowa, ka tambaye shi ko yana da ciwon sukari, ko ciwon zuciya, ko yana shan maganin da ke tsinka jini, ka kuma gaya masa tun da wuri cewa zai ga jini kaɗan, zai ji sanyi yana ratsa haƙoransa na ɗan lokaci, wataƙila ma ya ga giɓi ko ya ji wani haƙori yana motsi. Ka fahimtar da shi cewa ƙashin ya riga ya zaizaye tun kafin ya zo, dauɗar ce ta cike gurbin ta ɗaure haƙoran wuri ɗaya. Idan ba ka faɗa kafin aiki ba, gobe a majalisa za a ce kai ka sassauta masa haƙora, kuma mutum goma za su fasa zuwa.

Gobe in Allah ya kai mu, bayan ka fitar da ƙarafa daga tukunyar turara, wadda dole ta kai digiri 121 na aƙalla minti 15, zan shafa sabon filasta a wuyan haƙoran nan a matsayin dauɗa in rufe su da roba yadda ba za ka ga komai ba. Ka zo da ma'auni da dutsen wasawa.