Kwamfutar shagona ta tsufa: in gyara ko in sayi wata?

Wani matashi mai shagon buga takardu da fotokofi a Unguwar Rogo, kusa da Jami'ar Jos, ya aiko da tambaya. Kwamfutocinsa biyu ne. Akwai ta tebur mai Windows 7 wadda firinta ke jikinta, akwai kuma laftof ƙirar HP mai Windows 10 da yake shiga intanet da ita, yana biya wa ɗalibai kuɗin makaranta ta Remita, yana duba musu sakamakon WAEC da NECO. Laftof ɗin ta yi nauyi, har kwastoma kan gaji da tsayuwa ya tsallaka shagon gaba. Ga shi ya kwashi adashe, naira 400,000. Mai gyara ya ce ya kawo ta ya ɗora mata Windows 11 ko da ba ta cancanta ba, maƙwabcinsa kuma ya ce ya zuba kuɗin duka ya sayi sabuwa. Yana neman a ce masa wanne zai bi.

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Ciwo biyu ka haɗa a wuri ɗaya, shi ya sa shawarwarin da ake ba ka suke cin karo. Nauyin da laftof ɗin ta yi daban, tsufan Windows ɗin da ke kanta daban, kuma kowanne da kuɗin maganinsa.

Mu fara da nauyin, don shi ne yake cin kuɗinka kullum ba ka ƙirgawa. Ka yi mako guda kana jan layi a bayan littafin ciniki duk sadda wani ya juya ya tafi saboda jira. Ranar Asabar ka ninka layukan da ribar da kake samu a kan mutum ɗaya. Abin da ya fito shi ne hayar da kake biyan wannan laftof duk mako, kuma da shi za ka auna ko gyara zai mayar da kuɗinsa cikin wata nawa. Na san yadda abin yake. Ɗaliba tana tsaye da fam a hannu, tana duba agogon wayarta don lakca ta kusa, kai kuma ka zuba wa da'irar nan ido tana ta juyawa a allo, kana cewa "yi haƙuri, netwok ne", alhali ka san ba netwok ba ne.

Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Dubi layin Disk da na Memory. In ka tarar Disk ya liƙe a kashi 100 ko ba ka buɗe komai ba, ka kama ɓarawon. Tsofaffin laftof da faifan ajiya mai juyi suke zuwa, wanda masu gyara ke kira HDD. Faifai ne yake zagayawa, galibi sau 5,400 a minti, da ɗan hannu yana laluben bayanai a kansa, kuma iyakar saurinsa wajen megabait 100 a daƙiƙa. SSD, sabuwar irin ma'ajiyar da ake maye gurbinsa da ita, ba ta da abin da ke motsi a ciki, ko ta talakawa ma tana kai 500, kuma a ɗauko ƙananan fayiloli ratar ta fi haka nesa. Laftof da ke cin minti uku kafin ta farka, da SSD ba ta kai minti ɗaya. Ban san wani gyara da ke mayar da kuɗinsa da wuri kamar wannan ba. SSD mai gigabait 256 ta ishe aikin shago. In RAM ɗinka, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi, gigabait 4 ne, ka kai shi 8, amma a buɗe a duba ko DDR3 take ɗauka ko DDR4 kafin ka biya, don ba sa shiga ramin juna.

Tunda za a buɗe ta, a share fanka. Mu a Jos sanyin gari yana ruɗinmu mu ɗauka na'ura ba ta zafi. Ƙurar hunturu kuwa ba ruwanta da sanyi. Na taɓa tsayawa a kan mai gyara yana kwance wata laftof, ya sa tsinke ya zaro wani abu daga bakin fanka kamar saƙaƙƙen bargo, toka-toka, kaurin ɗan yatsa. Iska ba ta fita, injin yana ɗaukar zafi, sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Mai ita ya shekara yana zagin bairos.

Sai batun Windows, wanda ya fi damuna a kan shagonka. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, a wannan ranar kuma Office 2016 da 2019 suka bi sahu. Laftof ɗin za ta ci gaba da kunnuwa kamar jiya. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaro na wata-wata, wato duk ɓarakar da ɓarayin intanet suka gano daga yanzu ba mai toshe ta kai tsaye kamar da. Ka tuna WannaCry a watan Mayun 2017, cutar da ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, ana neman fansar dala 300 a kan kowace na'ura. Tun watan Maris na shekarar Microsoft ya fitar da facin, waɗanda ba su sa ba su ne suka sha. Kai kuma katin bankin mutane ne yake ratsa laftof ɗinka, da lambar NIN ɗinsu, da kalmar sirrin shafinsu na makaranta. Ranar da aka kwashe wa ɗalibi ɗaya kuɗi bayan ya biya a shagonka, ko ba laifinka ba ne, kafin magariba labarin ya gama hostel.

Don haka ka shiga Settings, System, About, ka karanta sunan injin. Za ka ga wani abu kamar i5-6300U ko i5-8250U. A irin waɗannan, lambar farko bayan ɗan layin ita ce zuriyarsa. Windows 11, da ta fito a Oktoban 2021, tana son zuriya ta 8 zuwa sama a injinan Intel, da wani makullin tsaro mai suna TPM 2.0, da RAM aƙalla 4, da ma'ajiya gigabait 64. Akwai 'yar manhaja ta Microsoft, PC Health Check, da za ta gaya maka ko taka ta tsallake. In ta tsallake, kuma lasisin Windows ɗinka na gaskiya ne, hawa Windows 11 kyauta ne, data kawai za ka saya, don saukewar tana haura gigabait 5. A nan zance ya ƙare, SSD da RAM da sharar fanka, sauran adashenka ya koma jari.

In kuwa 6 ka gani ko 7, to shawarar mai gyaranka tana yiwuwa, ana yi, kuma kwamfutar tana tashi. Sai dai Microsoft ya faɗa ƙarara cewa na'urar da aka tsallaka mata katanga ba ta da tabbacin samun sabuntawa. Ga wanda yake kallon fim a gida ba komai. Ga wanda yake taɓa kuɗin mutane ban yarda ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne Windows ɗin da ake "fasawa" da wata 'yar manhajar da ba a san wa ya rubuta ta ba, wadda sai an kashe mai gadin kwamfutar kafin ta shiga. Araha ba ta ado. Akwai hanyar halal ta jinkirtawa, shirin ESU na Microsoft, wanda ke ba Windows 10 facin tsaro zuwa 13 ga Oktoban 2026, a kan dala 30 ko kyauta in ka haɗa ta da asusun Microsoft ka bari tana ajiye saitinta a can, da sharaɗin tana kan sigar 22H2. Aron lokaci ne kawai don ka shirya.

Ta teburin nan kuwa, kada ka yar da ita, kada kuma ka kashe mata ko sisi a gyara bayan shara. Windows 7 ta fita daga tallafi tun 14 ga Janairun 2020, Chrome ma ya tsaya mata a siga ta 109 a farkon 2023. Ka zare mata intanet kwata-kwata, ta zama ta buga rubutu da firinta zalla, a haka za ta iya ƙara shekaru tana kawo kuɗi. Haɗarinta filashin ɗalibai ne, wanda ya zaga shaguna goma kafin ya zo naka. Ka sa su riƙa turo aikin ta WhatsApp ko imel, kai ka kwashe daga laftof da filashinka na shago. Wasu za su ce ka ɗora mata Linux Mint a madadin Windows, kyauta ce, tana da tsaro, ba ta da nauyi, kuma gaskiyarsu. Amma CorelDraw ba ya zama a kanta, LibreOffice kuma, madadin Word da ke zuwa da ita, yakan gusar da tsarin shafin da aka yi da Word, kai kuwa furojet ɗin 'yan ajin ƙarshe ne abincinka, inda malami ke mayar da aiki saboda gefen takarda ya karkace.

Maƙwabcinka ya ce sabuwa. In dole ta kama sai ka saya, ni ta hannu zan ce ka nema, irin ta ofis, EliteBook ko Latitude ko ThinkPad, zuriya ta 8 zuwa sama, mai SSD da RAM 8. Sabuwa fil a kwali mai injin Celeron da RAM 4 tana da ƙyalli, amma wata uku za ka dawo kana wannan kukan. Ka zaga shaguna uku a Ahmadu Bello Way ka ji farashi kafin ka sa hannu a aljihu. In wani ya ce Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja ya fi sauƙi, ka ɗora kuɗin mota da ranar cinikin da za ka rasa, da wahalar komawa in ta ba da matsala. A gabanka za a kunna ta, ka karanta lambar injin da idonka, ka cire caja ka ga yadda batir ke sauka, ka tabbata ba a kulle BIOS, wato saitin farko na na'urar kafin Windows ta tashi, da kalmar sirri ba, a kuma rubuta maka kwanakin gwaji a kan rasit.

Kafin kowa ya taɓa laftof ɗin da sukuddireba, ka kwafe komai zuwa waje biyu. Ni na ɗanɗana. Na kai tawa gyaran allo, yaron shagon ya ga tana nauyi, ya yi mini "alheri" ya yi mata fomatin, lissafin shekara biyu ya tafi, da sunayen masu bashi a ciki. Wasunsu har yau in mun haɗu gaisuwa suke yi mini da fara'a ta musamman. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya, kada ka yi wannan aikin a makon rajista ko lokacin kare furojet. Ka bari sai an yi hutu, ko ranar Lahadi, batir cike, janareta da mai, don ɗaukewar wuta a tsakiyar sabuntawa tana iya hana ta tashi.

Daga adashen, ka ware na SSD da RAM da ladan mai gyara, ka saya wa ta teburin ƙaramin UPS, batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, in ba ta da shi, sauran ka riƙe don takarda da tona kafin zangon karatu ya buɗe. Layukan nan da ka ja a bayan littafi, abin da suke cinye maka duk mako ka riƙa jefa shi a asusu daban da sunan kwamfuta ta gaba. Ka turo mini lambar injin da ka gani a About, da farashin da shaguna ukun suka ba ka, mu sake zama a kan lissafin.