Tarin da Baba ke yi tun da ya fara lisinopril

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa daga Aboabo. Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce busasshen tari ya hana shi barci tun da aka ɗora shi kan lisinopril saboda raunin zuciya, har yana son ya daina sha.

Wannan tarin sananne ne ga lisinopril da ɗan'uwansa enalapril. Suna sa wani sinadari, bradykinin, ya taru a jiki, shi ke jawo ƙaiƙayin maƙogwaro, don haka maganin tarin kemis ba ya taɓa shi. Amma kada Baba ya ajiye magani da kansa. Ku koma wurin likitansa, ko sashen zuciya na asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi. Galibi ana canza masa zuwa losartan ko valsartan, sai a duba ƙoda da potassium a jini bayan mako 1 ko 2. Idan haɗin maganin sacubitril/valsartan za a ba shi, dole a bar awa 36 bayan shan lisinopril na ƙarshe kafin ya fara.

Ki lura fa, tari mai haki da kumburin ƙafa, musamman in ya kwanta, yana iya zama ruwa ne ke taruwa a huhu. In aka ga wannan, ko kuma kumburin leɓe ko harshe, asibiti ake nufa nan take, ko da tsakar dare ne.