Tambaya da Amsa: Wace Ganga Ce Ta Dace da Raba Zoɓo a Wurin Biki?

Tambaya: Ina sana'ar zoɓo da kunun aya ga masu biki a Kaduna, kuma ɗura su a robobi ɗaya bayan ɗaya yana cinye mini lokaci da kuɗi. Wani ɗan'uwana da ke Jamus ya ba ni labarin gangunan ƙarfe masu famfo da kamfanonin giya ke amfani da su a can. Shin za su yi mini aiki, kuma wane girma zan nema?

Amsa: Hajiya, za su yi wa zoɓo aiki ƙwarai, amma zaɓen iri ya fi zaɓen girma muhimmanci. Gangunan da ɗan'uwanki ya gani, waɗanda Turawa ke kira keg, a Turai galibi masu lita 20, 30 ko 50 ne, yayin da babbar ta Amurka ke cin kusan lita 59. Bakinsu ɗaya ne ƙarami, ba ya buɗuwa sai da mahaɗi na musamman, kuma mahaɗan ba iri ɗaya ba ne: Amurka na amfani da samfurin D, yawancin Turai samfurin S, kamfanoni da dama na Jamus kuwa samfurin A. Wanke cikinsu sai da injin kamfani, wanda ke kuma ba ki da shi.

Abin da nake ba ki shawara shi ne gangar Cornelius mai lita 19, wadda tun asali don lemon Pepsi da Coca-Cola aka ƙera ta. Tana da murfi mai faɗi da hannu ke shiga, saboda haka za ki wanke ta a gida kamar tukunya, kuma da ƙarfe marar tsatsa aka yi ta, wanda tsamin zoɓo ba ya ci. Idan kofinki na mililita 300 ne, ganga ɗaya za ta ba da kofi sittin da 'yan kai. Mai lita 50 idan ta cika ta haura kilo 60, sai ƙarti biyu, alhali ƙaramar mutum ɗaya zai ɗauke ta ya tsoma cikin babbar kula da ƙanƙara. Uku ƙanana sun fi babba ɗaya, domin za ki iya bambanta ɗanɗano, kuma ba za ki buɗe ta gaba ba sai ta farko ta ƙare.

Ki sa kuɗin silindar iskar da ake sa wa lemon kwalba a lissafi, tare da na'urar daidaita ƙarfinta da tiyo, domin iskar ce ke turo abin sha zuwa famfo. Idan za ki sayi ta hannu, ki tambayi abin da aka taɓa zubawa a ciki, ki kuma sauya zobban robar da ke toshe bakin murfin, tunda suna riƙe wari.

Kunun aya kam ban yarda ki saka shi ba. Yana kwantar da gari a ƙasa, daidai inda bututun da ke cikin gangar ke zuƙa, sai ya toshe, ga shi da saurin lalacewa. Zoɓon ma sai an tace shi sosai, a kuma riƙe shi da sanyi tun daga gida, domin abin sha mai sukari da ya yi ɗumi a rufaffiyar ganga yakan fara ruɓa, ya yi tsami, har ya soma rikiɗa zuwa abin maye.