Jif mai layi uku za ta iya maye gurbin Sienna? Amsoshin wasiƙunku

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne, ina zaune Arkilla. Ina da Sienna ƙirar 2008, shekara shida ke nan tana hannuna. Matata ɗaya, 'ya'yanmu biyar, babban shekararshi 16, auta tana goye, ga kuma mahaifiyata tana wurina. Duk ƙarshen wata muna zuwa ƙauyenmu can bayan Wurno, kuma da damina cikin motar yakan daki ƙasa. Abokan aiki sun ishe ni da ba'a, wai motar haya nike ja, in sai da ta in sayi Highlander mai kujera bakwai. Mi ka gani?

Wa alaikumus salam, Malam. Na ƙirga ku da yatsa, ku takwas ne: kai, uwargida, yara biyar da Inna. Highlander ɗin da aljihun yawancinmu ke iya kaiwa gare ta, ƙirar 2008 zuwa 2013, mutum bakwai take ɗauka. Ka ga tun ba a tada inji ba mutum ɗaya ya rasa wuri. Yau auta tana cinya, amma nan da shekara biyu za ta nemi nata wurin, kuma ko yanzun ba na son a riƙe jariri a cinya kan babbar hanya. Sai daga ƙirar 2014 ake samun mai ɗaukar takwas, ita ma ukun da ke can baya sai in ƙanana ne.

Maganar layi na ukun nan ita ce inda ake yaudarar mutane, don haka bari in tsaya a kanta. A Sienna daɓen motar yana ƙasa-ƙasa, babba zai zauna a baya ya sauke ƙafafunsa kamar kan kujerar falo. A jif kuwa an ɗaga cikin motar daga ƙasa, ga safaya a rataye a ƙarƙashin baya, sai daɓen ya taso, kujerar ta zama kamar kujerar tsakar gida ta mata. Bara na raka wani aminina duba wata jif mai layi uku wurin wani dillali. Da gangan muka tafi da ɗansa, dogon yaro ɗan sakandare, da babbar kular abincin gidansu. Aka ture kujerar tsakiya gaba, yaron ya sunkuya, ya fara cusa ƙafa ɗaya, ya juya kafaɗa, ya samu ya zauna. Da aka mai da kujerar tsakiya wurinta, gwiwoyinsa suka taso har kusa da ƙirji, hularsa tana gogar rufi. Dillalin ya ce, “Alhaji, ai da an fara tafiya zai saba.” Muka zagaya muka buɗe but, muka saka kular, ƙofa ta ƙi rufuwa. Aminina bai ce uffan ba, ya ciro kularsa ya miƙa wa yaron.

Ga abin a lissafe. In an ɗaga duka kujeru, wurin kayan da ke bayan layi na uku a Sienna ya haura lita 1,000, saboda akwai wani rami mai zurfi inda kujerun ke naɗewa su shige. A Highlander ta 2008 zuwa 2013 bai kai lita 300 ba, ta 2014 zuwa 2019 kuma bai kai 400 ba. Ka tuna abin da kuke ɗauka in za ku gida: buhun shinkafa, jarkar mai, akwatin uwargida, jakunkunan yara, tabarmar Inna da butarta. Sannan ka tuna dawowa, wadda ta fi tafiyar kaya, don ba mai barin ƙasar Wurno hannu rabbana, ko albasa ce sai an cusa maka buhu. A jif dole ka zaɓa, ko mutane ko kaya. Wasu sukan ɗora kariya, wato ƙarfen ɗaukar kaya, a rufi, amma kaya a saman mota mai tsayi yana ƙara mata layi a kwana, yana ƙara shan mai, ga jami'an kiyaye haɗurra suna jiran ka a hanya.

Akwai kuma Inna. Ƙofar Sienna zugewa take yi, bakinta da faɗi, matakinta ƙasa, tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta dafa ta shiga da kanta. A jif sai ta ɗaga ƙafa sosai, wani lokacin sai an tallafe ta, kuma ka san iyayenmu ba su son a riƙa ciccibar su a gaban jama'a.

Kukanka na dukan ƙasa kuwa gaskiya ne, ba zan raina shi ba. Tsakanin cikin Sienna da ƙasa kusan santimita 17 ne, na Highlander kusan 20. Bambancin kamar faɗin yatsa biyu, amma akwai ƙari: tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya a Sienna ta ɗan haura mita 3, a Highlander kuwa kusan mita 2.8 ce. Doguwar mota ita ta fi ɗora cikinta kan tudu in za ta haye kwari. Sai dai ka duba wani abu kafin ka ɗora wa ƙirar motar laifi. Sienna mai shekarun taka, in ta sha lodi, sifirin ɗin baya da shokoki sukan gaji, bayanta ya zauna. Ka loda ta kamar ranar tafiya, ka koma gefe ka dube ta. In ka ga tayar baya ta kusa shigewa cikin jiki, to ba sabuwar mota kake buƙata ba tukuna, makaniki kake buƙata. Kuɗin sifirin da shoka masu kyau ba su kai ko la'adar dillalin da zai sayar maka da jif ba. Amma kar ka yarda a cusa mata ƙarafa a ɗaga ta fiye da kima, yana cinye ƙafar gaba.

Kuma kar sunan jif ya ruɗe ka. Highlander da Sienna dangin Camry ne dukansu, jiki da ƙashi a haɗe suke. Ba irin Prado ko Hilux ba ne, waɗanda aka ɗora jikinsu kan ƙaƙƙarfan ƙashin ƙarfe don hanyar daji. Da yawa daga cikin Highlander da ke kasuwa ma tayoyin gaba kawai ke ja, daidai da motarka. In rairayi ya riƙe Sienna, ita ma irin wannan zai riƙe ta.

Batun ba'ar abokan aiki, ni dariya yake ba ni. Direban haya ba ya sayen mota don ado, abin da zai jure Sakkwato zuwa Abuja ya dawo yake nema. Yawan Sienna a tasha shi ya sa kayan gyaranta ke ko'ina, kowane gareji an san cikinta, kuma ranar da ka ce za ka sayar ba za ta kwana biyu ba. Shawarata: ka gyara ƙafar wadda ke hannunka. In zuciyarka ta nace sai sauyi, nemi Sienna ƙirar 2011 zuwa sama mai kujera takwas. Ka dai sani cewa mai jan tayoyi huɗu a cikinsu, har ƙirar 2020, ba ta zuwa da safaya daga kamfani, kuma hanyar ƙauye ba safaya ganganci ne.

Malam, barka da aiki. Ni malama ce a wata firamare, muna zaune Mabera. Yarana uku, ni ke kai su makaranta in ɗauko su. Maigida ya ce in zaɓa, ko in ci gaba da Sienna ɗin gida ko a musanya mini da jif mai layi uku. Tsawon Sienna yana wahalar da ni wurin fakin da juyawa cikin lungu, ga ruwa da ke kwanciya a unguwarmu da damina.

Malama, ke ce irin wadda aka ƙera wa wannan jif ɗin. Ku huɗu ne kullum, biyar in maigida ya shigo. Layi na uku zai zauna a naɗe kusan duk shekara, ki samu but mai faɗi, ranar suna ko biki ki ɗaga shi ki ɗauki 'ya'yan maƙwabta biyu. Ta fi Sienna gajarta, za ki ji sauƙin juyawa, kuma tsayinta zai taimake ki a ruwan lungu. Ruwan da ya kai rabin taya dai ki ja da baya, jif ba kwalekwale ba ce.

Abu biyu ki duba da idonki. Na farko sanyi. Ba sai na gaya wa mutumin Sakkwato abin da watan Afrilu da Mayu ke yi ba, zafi ya haura 40 a ma'auni. Ki tabbatar motar tana da hanyoyin iskar sanyi na baya da makunninsu daban, don ba kowace ke da su ba. Ki je gwaji da azahar, ba da safe ba, ki zauna can baya da kanki a rufe gilasai minti goma. Na biyu, in Highlander ce, ta 2008 zuwa 2010 kujerar layi na uku guda ce, ko a ɗaga duka ko a kwantar duka. Daga 2011 aka raba ta biyu, za ki iya zaunar da yaro a ɓari ɗaya ki sa kaya a ɗayan. Wannan ƙaramin abu yana da amfani fiye da yadda ake zato.

Abin da za ki yi kewa shi ne ƙofa mai zugewa. Yaro ba ya buga ta a jikin motar wani ko katanga, ba ya kuma wangale ta a gaban mai kabu-kabu. A jif sai kin kunna makullin yara da ke jikin ƙofofin baya, ki riƙa buɗe musu da kanki.

Tsakanin Honda Pilot da Highlander wace ta fi? Na ga Pilot ta fi araha. Daga wani ɗan kasuwa a Tambuwal.

Alhaji, in maganar wuri ce, Pilot ƙirar 2009 zuwa 2015 ta fi. Mutum takwas take ɗauka, bayanta a miƙe yake kamar akwati, kuma wurin kayanta bayan layi na uku ya kai kusan lita 500. A cikin biyun ita ta fi kusa da Sienna. Inda za ka yi hattara shi ne injinta da bel na roba yake aiki a ciki, wanda makanikai ke ce wa taimin bel, kuma in ya tsinke ana tafiya yakan lalata injin. Ranar da ka saya, in ba ka da tabbacin yaushe aka sauya shi, ka sauya tare da famfon ruwa, ka sa kuɗin cikin lissafin ciniki. Zafi irin namu yana rage masa kwana. Man giya ma sai irin wanda kamfanin ya ce, ba duk jan mai ba. Highlander mai silinda shida daga 2008 sarƙa gare ta, ba ruwanka da wannan, amma ta 2001 zuwa 2007 ita ma bel ce. Tun da a Tambuwal kake, ka fara tambayar makanikinka wadda hannunsa ya saba da ita, da wadda zai samu kayanta ba sai an aika Kano ba.

Gaskiya ne jif ta fi Sienna shan mai?

Ba wani bambancin kirki. Sienna daga 2007 da Highlander mai silinda shida daga 2008 inji iri ɗaya gare su, mai lita 3.5. Mai jan tayoyi huɗu ta ɗan fi sha. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutane ke neman Highlander mai silinda huɗu, lita 2.7. Cikin gari tana da sauƙi, amma in ka cika ta da mutane ka kunna sanyi ka hau hanyar Gusau, sai ka riƙa danna totur har sauƙin ya tafi. Inda jif ke cin kuɗi a ɓoye shi ne taya, musamman mai wili inci 19.

Wani dillali ya turo mini bidiyon jif mai layi uku, ya ce tana Kwatano, in tura rabin kuɗi ya shigo da ita. Farashin ya yi daɗi ƙwarai.

Ɗan'uwa, ba a cinikin biri a sama. A watan Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka tambayarka ta farko ita ce ta ina za ta shigo kuma wa zai biya kwastan. Motar da ba ta da takardar duti ta gaskiya, ko shekara nawa ta yi a hannunka ana iya karɓe ta a shingen hanya. Ka jira ta iso Sakkwato. Ka gwada lambar jikinta mai haruffa da lambobi 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, da wadda ke takarda. Ka ɗaga shimfiɗar but da ta ƙarƙashin kujeru ka shinshina, ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshe. In ka ga tabon laka ko tsatsa a ƙusoshin kujera, motar ambaliya ce daga Amurka, kuma wayoyinta ba za su bar ka ka huta ba. In ya ce maka mai jan huɗu ce, durƙusa ka leƙa ƙarƙashi, sai ka ga farfela, wato wani dogon ƙarfe mai juyawa, ta miƙe zuwa tayoyin baya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na 2018, kuma irin wannan ba za ta kai ka Illela da zafin rana ba, a cire kuɗin sabbi huɗu daga farashin.