Zauren Turanci: Wane "marble" ake nufi?

Wasiƙun da suka shafi wannan kalma na tattaro wuri guda a wannan makon. Na rage tsawon gaisuwa saboda fili, masu su su yi mini afuwa.

Assalamu alaikum Baba Malam. Ina ajin ƙarshe na sakandare, muna shirin WAEC. A lissafi kullum sai mu ci karo da tambaya irin wannan: "A bag contains 5 red marbles and 3 blue marbles." Na duba ƙamus, ya ce dutse ne da ake ƙawata gini da shi. To ta yaya za a zuba duwatsun gini takwas cikin jaka, a ce mutum ya zura hannu ya ɗauko ɗaya? Daga ɗiyarka a Tudun Wada.

Wa alaikumus salam ɗiyata. Ƙamus bai yaudare ki ba, ke ce kika tsaya a layin farko kika rufe shi. Da kin gangara ƙasa kaɗan da kin tarar da ma'ana ta biyu, wadda masu lissafi suke nufi: ɗan dunƙulallen gilashi mai santsi da yaran Turawa ke wasa da shi, girmansa kamar ɗan magarya ko ya ɗara kaɗan, da zane mai launi a cikinsa. In kina son ki ga irinsa ba sai kin je Ingila ba. Ki bi ta wajen masu fentin babur, ki saurara lokacin da suke girgiza gwangwanin feshi. Abin nan da ke ƙara kwal-kwal a ciki yana motsa fentin, sau da yawa shi ne, kuma yaran unguwa sun daɗe suna fasa tsohon gwangwani don su ciro shi.

Wasan ba wuya. A zana da'ira a ƙasa, a zuba 'yan gilasan a tsakiya, kowa ya ɗana nasa a kan ɗan ali ya harba da babban yatsa, wanda ya buge waje ya zama nasa. Kada ki ɗauka yara kaɗai ke yi. A wani ƙauye mai suna Tinsley Green a kudancin Ingila, tun 1932 manya masu gemu suke taruwa ranar Juma'ar Ista suna gasarsa, mutum shida-shida, a zuba 49 a da'ira, ɓangaren da ya fara fitar da 25 ya ci. Sunan kuwa ya biyo asali ne, domin a da daga ɓarɓashin wancan dutsen gini ake goge wasu. Daga baya Jamusawa suka shahara da yin na gilashi a ƙarni na 19, Amurkawa kuma suka shigo da injin a garin Akron a farkon ƙarni na 20. Dutsen ya tafi, suna ya zauna.

Ga abin da nake so ki riƙe, don zai yi miki amfani a takardar Turanci ma. Idan kika ga lamba a gaban kalmar, ko "a", ko kika ga "s" a ƙarshenta, to galibi abin wasan ake nufi, shi ake ƙirgawa, sai dai in wani abu take siffantawa, kamar "a marble floor". Idan kika gan ta tsirara, kamar a ce "The floor is made of marble", dutsen ne, kuma ba a yi masa jam'i, daidai da yadda Bature ba ya yi wa yashi da siminti jam'i in yana zancen kayan gini. Wani wuri da za ki ga jam'i alhali dutse ake nufi shi ne in ana maganar sassaƙe-sassaƙe, irin waɗanda wani Bature, Lord Elgin, ya kwaso daga Atina a farkon ƙarni na 19, gwamnatin Birtaniya ta saye su a 1816, har gobe Girkawa na neman a mayar musu da kayansu.

Amsar lissafinki, yiwuwar ɗauko ja ita ce 5 bisa 8. Ni dai a ganina masu rubuta littattafan lissafinmu sun yi kasala. Da sun ce jan goro biyar da fari uku a cikin jaka, da babu yarinyar da za ta ɓata minti goma a ɗakin jarrabawa tana tunanin duwatsu.

Malam, ina gini a Hanwa, an kai ga daɓe. Mai sa tayil ya ce in ƙara kuɗi ya sa mini mabul a falo. Ɗana da ke jami'a ya ce ai mabul da Hausa shi ne marmara. Ni kuwa marmarar da na sani tifa-tifa na saya na cike fili da ita. Wanne ne gaskiya? Wani Alhaji, Zariya.

Ranka ya daɗe Alhaji, kai ke da gaskiya, amma kada ka yi wa yaron faɗa, akwai inda ya jiyo. Turawan Ingila sun karɓi kalmar daga Faransanci, Faransanci daga Latin, Latin daga Girkanci, inda ake cewa "marmaros". Larabawa suna cewa "marmar", suna kuma cewa "rukham". Har tekun nan na Marmara a ƙasar Turkiyya daga wani tsibiri da ake haƙar dutsen ya samo sunansa. Saboda haka duk wanda ya yi ɗan Larabci, bakinsa zai kai ga marmara ba da shawara ba, wasu masu fassara ma haka suke rubutawa. Amma a bakin Bazazzagi marmara ita ce jar ƙasan nan mai tauri da tsakuwa, wadda mai haƙar rijiya ke tararwa digarsa ta fara tsalle, wadda ake zubawa a hanya kafin kwalta. Ka ce wa direban tifa ya kawo maka marmara ka ga abin da zai juye maka a ƙofar gida. Shi ya sa ni ban ga laifin mabul ɗin da maginanmu ke faɗa ba. Kowa ya san abin da ake nufi, ba a kuma rikita shi da komai.

Shi mabul na ainihi asalinsa dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake ƙonawa a yi siminti. Ya daɗe binne can ƙarƙashin ƙasa, zafi da nauyi suka gasa shi har ƙwayoyinsa suka sāke tsari suka manne, ya zama in an goge shi yana ɗaukar ido. Jijiyoyin nan masu ruwan toka ko kore ko ja da ke ratsa shi, gurɓin laka ne da ƙarfe da suka shiga ciki tun farko. Wanda bai gauraya da komai ba shi ne fari sol.

Kuma ka taɓa taka shi, tunda ka je Makka. Farin daɓen da ake ɗawafi a kai, wanda rana ke dukansa da azahar amma ƙafa ba ta ƙuna, mabul ne daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka. Alhazanmu da yawa suna dawowa da labarin wai bututun ruwan sanyi aka shimfiɗa a ƙasa. Hukumar kula da Masallatan biyu ta bayyana cewa ba haka ba ne, halin dutsen ne, farinsa yana mayar da hasken rana bai cika riƙe zafi ba. Haka ginin Taj Mahal a garin Agra, da Sarki Shah Jahan ya fara a 1632 don matarsa Mumtaz Mahal, da farin mabul na Makrana aka lulluɓe shi. Na Karara a Italiya kuwa tun zamanin Rumawa ake yankarsa, har yau ba a daina ba.

Mu ma muna da shi. Akwai a Jakura a jihar Kogi, akwai a Igbeti a jihar Oyo, akwai a Okpella a jihar Edo. Sai dai mafi yawansa niƙe shi ake yi, ya tafi siminti da fenti da tsakuwar tarazo. Daɓen tarazon nan na tsofaffin ofisoshi da ɗakunan karatu a Samaru, mai ɗigo-ɗigon fari da baƙi, ɓarɓashin irin wannan dutse ne aka kwaɓa da siminti aka goge, ga shi ya ga jiya ya ga yau. Duwatsunmu na nan gida, Kufena da Madarkaci, su ba mabul ba ne, giranayit ne, wanda ya fi shi tauri nesa ba kusa ba. A ma'aunin taurin duwatsu da masana ke amfani da shi, mai hawa goma, mabul na wajen 3, giranayit na tsakanin 6 da 7.

Yanzu batun aljihunka. A kasuwa sunan mabul ya zama riga, ana sa wa abu uku: dutsen gaskiya, da giranayit da aka goge, da tayil na masana'anta da aka buga wa zanen mabul a fuska. Kafin ka ƙara ko sisi, ka ce ya kawo maka guda biyu ko uku, ka kifa ɗaya. In ka ga bayansa gasasshen yumɓu ne mai layi-layi da tambarin kamfani, tayil ne. Ka dubi gefe: a dutsen gaskiya jijiyar da ke fuska tana nutsewa cikin kaurinsa, a tayil kuwa iyakarta fata. Ka jera su, in ka ci karo da biyu masu zane iri ɗaya sak, injin ne ya zana, domin dutse ba ya maimaita kansa. In har yanzu kana shakka, ka nemi gutsure, ka karce shi da bakin wuƙa, ka kuma matsa masa lemun tsami ka bar shi ɗan lokaci ka share. Mabul zai karzu, wurin lemun kuma zai dushe. Giranayit ko a jikinsa.

Wannan gwajin shi ne kuma shawarata. A falon baƙi mabul na da kyau, ga sanyi lokacin bazara. Amma kada ka yarda a kai shi kicin ko wajen cin abincin yara, inda tumatir da tsamiya da zoɓo ke zuba. Duk mai tsami cinsa yake yi, manja kuma in ya shiga ƙofofinsa fitarsa aiki ne. In jiƙe yake, santsinsa ba ya ragawa tsoho, don haka wajen alwala ma a yi hattara. Tayil mai kyau ba abin kunya ba ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka biya kuɗin dutse a shimfiɗa maka yumɓu.

Malam, muna gardamar ƙwallo a guruf ɗinmu na WhatsApp, sai wani ya rubuto mini "You have lost your marbles." Zagi ne? Sannan mene ne "words on marble" da nake yawan gani a Facebook? Ɗalibinka daga Samaru.

Ɗana, ce maka ya yi notin kanka ya kwance. Karin magana ce da ta fito daga Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, kuma kullum da jam'i take zuwa, ka ga 'yan gilasan wasa ake nufi ke nan, ba dutse ba. Tsakanin abokai raha ce, ka rama da wadda ta fi ta a wuce wurin. Amma kada ka kuskura ka faɗa wa malaminka ko wani babba, domin su Turawa sun fi faɗinta a kan tsohon da ya fara ruɗewa. Akasinta ma suna yi. In suka ce tsohuwa "still has all her marbles", yabo ne, wato duk da shekarunta hankalinta garau yake.

Ta biyun tamu ce, Turancin Nijeriya. Jaridu da masu rubutu a intanet suna sa ta a kan zancen hikima, abin da mu za mu ce ya cancanci a rubuta shi da ruwan zinare. Ma'anar a fili take, tunda a kan mabul ake sassaƙa sunan wanda ya buɗe gini da ranar da aka buɗe. Ka yi amfani da ita a nan gida yadda ka ga dama. In kana rubuta wa wata jami'ar waje takarda kuwa, ka ce "words of wisdom", shi suka saba ji. Kada kuma ka musanya ta da "set in stone", wannan nufinsa an yanke magana ba sauyi.

Baba, ina koyon yin kek a Sabon Gari. Malamarmu ta ce mako mai zuwa za mu yi "marvel cake". Na bincika a waya ban gane ba, sai hotunan wasu jarumai masu abin rufe fuska nake gani.

'Yata, kunnenki ne ya ji haka, ko kuma bakin malama. "Marble cake" ta ce. Ana raba kwaɓin biyu, a sa wa rabi garin koko, a riƙa zuba su cokali-cokali a gwangwani ɗaya, sannan a ja tsinke a ciki sau biyu ko uku, ba a juya ba. In ya gasu aka yanka sai ki ga fari da ruwan ƙasa sun ratsa juna irin zanen dutsen. Duk abin da ke da irin wannan ratsi Bature na ce masa "marbled", har naman da kitse ya shiga tsakanin tsokarsa siri-siri, da takardar cikin bangon tsofaffin littattafai.

"Marvel" kuwa abin al'ajabi ne, kuma sunan kamfanin masu jaruman da kika gani. Matsalar ita ce Hausa ba ta da harafin "v", sai mu mayar da shi "b", kalmomin biyu su faɗa rami ɗaya. In za ki faɗi na kek, leɓɓanki biyu su haɗu, ki ce maa-bul, Baturen Ingila ba ya furta "r" ɗin. In na al'ajabi ne, haƙoranki na sama su sauka a kan leɓen ƙasa. Ki sake rubuta shi a wayar da "b", za ki samu yadda ake yi har da awon fulawa da sukari.