Ragon da ke atishawa har tsutsa ta faɗo

Wayyo ɗan'uwa, da na ga ka ce ragonka na ta atishawa da majina mai kauri har tsutsa ta faɗo mishi daga hanci, kana tambaya ko mura ce, sai da gabana ya faɗi. Ba mura ba ce, aikin wani ƙuda ne. Macen ba ta ma yin ƙwai, da tsakar rana take zuwa ta feso 'yan tsutsotsi masu rai a ƙofar hanci ta wuce, shi ya sa kake ganin tumaki sun haɗa kai sun cusa hanci ƙasa. Tsutsar ta haura kogon kai ta zauna tana cin majina, in ta kusa santimita 3 dabbar ta atisho ta, ta shige ƙasa ta fito ƙuda. Shi babban ƙudan ba ya cin komai sam, don haka ba ka ganinsa kan kwano.

Nawa ragon layya ne, na kiwata shi da harawa da dussa, wani mai tallar magani a kasuwa ya rantse min sanyi ne, ya karɓe jikkunana ya ba ni kafso da wani gari wai in hura mishi. Rago na ramewa, dare bai barci sai huci da buga kai a garu, majinar har da jini, na koma ya ce ai maganin ke aiki! Dole muka yanka kafin salla, mahauci na fasa kan sai ga su a jere, farare masu baƙin zane a baya suna motsi, yarana har kuka. Mutumin nan har yau in na wuce sai ya ɗaga min hannu, Allah ya isa.

Kai dai nemi likitan dabbobi ya yi mishi allurar ivermectin, maganin tsutsa, daidai nauyinsa, ka tambaye shi kwana nawa za a jira kafin a ci naman, kar ka zuba taba ko kananzir a hanci. Raƙuma ma suna da nasu irin, tun daga nan Damagaram da Tanut har ƙasar Larabawa, dawaki kuma akwai nasu da ke zama a tumbi. Yaran da ke kiwo su kula, ƙudan tumakin kan feso wa mutum tsutsa a ido, in yaro ya dawo ido ja yana cewa abu na yawo ciki a kai shi asibiti ranar.